Damina Uku a Neman Farar Yakuwa

Ku da kuka zo neman iri, ku zauna tukuna. Na ji abin da ɗayarku ta faɗa a bakin zaure, wai yakuwa ai ba ta da wani aiki, watsa ta ake yi a gefen gona ta fito da kanta. Ba ta yi ƙarya ba, in ganyen miya kawai ake so. Ko a juji aka zubar da gurguzu zai tsiro. Amma ni ba ganye nake sayarwa ba. Iri nake sayarwa, na farar yakuwa mai kaurin soɓorodo, wadda mu nan muke ce wa farin ware, kuma wannan aiki ne daban. Ga gurguzu nan a faifai biyu, ɗaya na fara, ɗaya na ja. Ku juya su, ku sansana, ku tauna in kuna so. Ba za ku rarrabe ba. Ni ma da na haura shekara arba'in a sana'ar ba na rarrabewa. Duk wanda ya sayi iri a hannuna, maganata ya saya, sai ya shuka sannan zai san ko gaskiya na faɗa masa.

Sunana Rabi. A wani ƙauye tsakanin Cadawa da Agiye aka haife ni, kakanninmu daga ƙasar Katsina suka hauro. Ina da shekara tara ko goma aka kai ni riƙo wurin ƙanwar babana, Gwaggo Hurera, wadda take aure a yankin Tibiri, cikin Gobirawa. Ta daɗe a can har bakinta ya koma nasu. Ita ce mai farar yakuwa a duk ƙauyukan wajen, ita ma wurin uwar mijinta ta gada.

Aikin farko da ta ba ni, bayan shuka da kamar mako biyu ne. Ta kai ni gamanarta, ƴar gonar da mijinta ya yanka mata ta kanta, ta nuna mini layin yakuwa da ya bi iyakar gona, ta ce in cire duk ja in bar fara, ta wuce noman gero. Na tsaya na duba, duk kore na gani. Sai na riƙa cire waɗanda ganyensu ya fi duhu. Kafin hantsi na tara tuli. Da ta dawo ta tsuguna ta bi tulin ɗaya bayan ɗaya, yawancin abin da na cire fara ce, jar kuwa tana nan tsaye a layi. Ba ta dake ni ba. Ta kama kafaɗata ta danna ni ƙasa.

Ta ce, "Ba a tsaye aka duba ta ba, ɗiyata. Durƙusa."

Ta share yashi da yatsa daga gindin tsiro. Can ƙasa, daidai inda kara ya fito daga yashi, nan ja take fara nuna kanta tun ganye bai san komai ba. Fara kuwa koriya ce har ƙasa, ba ɗigon ja ko ɗaya. Sannan ta juya ganye ta nuna mini inda sandar ganye ta haɗu da ganyen, da jijiyoyin bayansa. In akwai jinin ja a tsiro, a nan ma za a ga alama, ko da kamar kan allura ce. Ta ce da safe ake wannan aiki, don in rana ta ɗaga, hasken yashi yana kashe ido, komai sai ya koma kala ɗaya. Na yi damina biyu a durƙushe kafin ta daina bin bayana tana duba abin da na cire.

Rama ma tana shiga cikin iri, don dangi ɗaya ne. Ita da sauƙi. Ƙwayarta tana da kusurwa kuma ta fi toka-toka, ana tsince ta tun a faifai. Wadda ta kuɓuce ta tsiro, a bi karanta da yatsa daga ƙasa zuwa sama, za a ji ƴan ƙayoyi. In ana shakka a tsinki ganye a tauna, ba ta kai yakuwa tsami ba. Akwai kuma ramar daji da take fitowa ba wanda ya shuka ta, ganyenta kaushi gare shi kamar harshen kyanwa. Duk waɗannan yaro ma zai koya a mako guda. Wurin fure ne aikin yake.

Yakuwa ba ta yin fure sai damina ta juya baya, lokacin da gero ya fara nuna. Ta kai tsayin mutum ko ta fi, ta yi rassa. Furen yana buɗewa bayan fitowar rana, kafin azahar ya yi yaushi ya rufe, gobe wani ne zai buɗe. Saboda haka mai iri ba ta da wata safiya a wannan lokaci, ko biki ake yi a gidansu. Furen farar yakuwa fari ne kamar kindirmo, da ɗan rawaya kaɗan a can ciki. Na ja kusan haka yake daga nesa, amma a tsakiyarsa akwai jan ido mai duhu. Matsalar ita ce akwai ta tsakani. Karanta kore, ganyenta kore, ta wuce duk binciken durƙuso, amma in aka buɗe furen da yatsa za a ga wani siririn zane mai ruwan hoda ya kewaye cikinsa. Gwaggo tana kiranta mai kwalli. Soɓorodonta yakan fito fari, a sayar ba wanda zai yi ƙorafi, amma in aka ɗebi iri daga gare ta, baɗi sai a ga jajaye sun ɓullo a cikin ƴaƴanta. Wata dabarar kuma ita ce duba furen jiya. Wanda ya faɗi ƙasa ya kwana, in na fara ce ta gaskiya, yaushi kawai zai yi ya koma kamar tsohon tsumma. In ya juya ya yi hoda-hoda, a tumɓuke uwar. Wadda ta wuce duk wannan, Gwaggo takan ɗaura mata tsumma a reshe, ita kaɗai ake ɗibar iri a jikinta.

Kayan aikin ba su da yawa. Sungumi na shuka, haiwa ta noma, da ƴar wuƙa mai kaifi ta yankan soɓorodo daga reshe, don in aka fizga da hannu reshen yana tsagewa. Bayan fure ya faɗi da mako biyu zuwa uku soɓorodo yake cika, sai a yanke, a zauna ɓara. A zamanin Gwaggo da wuƙa muke tsaga shi mu zare kwanson da ƴaƴan suke ciki. Kwanson nan yana da gashi mai ƙaiƙayi, hannu yakan yi ja, tsamin kuma ya shiga duk inda fata ta tsage. Daga baya wani maƙeri a Cadawa ya yanko mini bututun tsohon famfon keke ya wasa bakinsa. Ana ɗora shi a gindin soɓorodo a murza, kwanson ya fito ta sama, soɓorodon ya tsaya cur bai fashe ba. Har yau shi nake amfani da shi. Na iri kuwa ba a yanke shi ɗanye, ana barinsa a jikin uwar har kwanso ya bushe ya fara buɗe baki, amma kada a bari ya tsage ya zubar. A wannan lokaci ne jajayen ƙwari suke taruwa su tsotse ƙwayar, sai an riƙa kakkaɓe su cikin ƙwarya mai ruwa kowace safiya.

Shanya ma tana da ƙa'ida. Jan soɓorodo yana ɓoye datti, fari ba ya ɓoye komai. In raɓa ta taɓa shi ya yi baƙi-baƙi, in aka shanya a ƙasa ya kwashi yashi. Gwaggo tana da tabarma biyu da faifai da sandar bugu waɗanda ba sa taɓa jar yakuwa, kuma ba ta ba da aronsu ko ga wa. Ƙwaya ɗaya da ta maƙale a saƙar tabarma ta isa. Bayan an buge an sheƙe, a gauraya gurguzun da toka mai sanyi, a zuba a tulu, a liƙe bakinsa da laka. Yanzu a bido nake zubawa, jarkar roba mai murfi. Kuma takan raba irin gida uku: na shukar farko, na sake shuka in ta farko ta ƙone, da na ajiya wanda ba a buɗewa sai an ga sabo ya shigo gida.

Da aka yi mini aure na dawo yankinmu, cikin kayana akwai ƙwarya guda ta gurguzun Gwaggo. Maigidana ya yanka mini gamana, na fara. Wadda ta fara ɗaga sunana ita ce Hajiya Zali, mai sayar da abinci a tashar Agiye. Miyar farin soɓorodo da busasshen kifi take yi, direbobin taksi suna jira a kanta. Ta ɗauki nawa a kasuwa ta matsa tsakanin yatsu, ta ga kaurinsa, ta ce irin wannan ba ya narkewa ya ɓace a tukunya, kuma ba ya rina miya. Tun daga nan duk kaka nakan kai mata. Masu daddawar batso kuwa ba ruwansu da kala, kowane gurguzu suka samu dafawa za su yi, su nake ba wa na uwayen da ban ɗaura wa tsumma ba. Masu sayen iri su ne na uku, kuma su ne suka fi yawa daga baya. Ranar kasuwar Cadawa, in bazara ta yi, mata sukan zo daga ƙauyuka suna tambayar inda Rabi mai farar yakuwa take zama.

Shekarar da ta karya ni, ruwa da wuri ya sauka, mai yawa. Kowa ya fita ya yi shuka, ni ma na zuba kashi na farko. Ta fito da kyau, sai ruwa ya ɗauke kusan wata guda, ta ƙone ƙurmus. Da aka sake samun ruwa na zuba kashi na biyu, shi ma ya bi na farko. Da marka ta kusa, na fasa tulun ajiya, abin da aka hana ni tun ina yarinya. Na ce in na bar shi zuwa baɗi, bana ba ni da abin kai wa kowa. Wannan ta tsiro, amma a makare, ruwa kuma ya tsaya da wuri. Ta yi fure tana iya gwiwa. Farar ɗango ta sauka ta cinye rabin ganyen. Abin da na tara na iri a ƙarshe bai wuce tiya biyu ba. Geron ma ba a samu ba a shekarar, maza da yawa suka tafi ci-rani tun kafin a gama kaka.

Da bazara ta zagayo, Yaya Asabe ta zo gidana. Ita ce shugabar wata ƙungiyar mata a wani ƙauye wajen Gazawa, ta girme ni, kuma ta daɗe tana sayen iri a wurina na gonarta ita kaɗai. A wannan karo da babbar magana ta zo. Wani ɗan kasuwa ya yi musu alkawarin zai kwashe duk farin soɓorodon da suka noma, muddin fari ne zalla. Mata goma sha biyu ne, duk sun fito daga shekarar yunwa, da wannan suke sa ran gyara gidajensu. Ta ce ba su yarda da irin kowa ba sai nawa. Da na ce mata ba ni da shi, da ta tafi ta nema wani wuri, ko su haƙura. Ban faɗa ba. Na ce ta dawo mako mai zuwa.

A kasuwa na sami wani mai buhun gurguzu, baƙo, ya rantse mini na fara ne. Wataƙila shi ma haka aka gaya masa. Na zuba a tafin hannuna na duba, ina sane sarai cewa ba abin da ido zai nuna mini. Na saya. Na kawo gida na juye a tabarma, na zuba tiya biyun nan tawa a kai na gauraya, don in iya cewa irin Gwaggo yana ciki. Na auna wa Yaya Asabe nasu, na rage nawa daga cikin wannan garwayen. Ko ƙwarya ɗaya ta tsantsar nawa ban ware ba. A lokacin na sa wa raina cewa mai buhun gaskiya ya faɗa, in kuwa haka ne ba abin warewa.

Mako biyu bayan shuka na durƙusa a gamanata na share yashi. Gindi na farko ja. Na biyu kore. Na uku ja, na huɗu ja. Na bi layi ɗaya har ƙarshe, na tashi na kakkaɓe zanena, ban ma koma gida na canza ba, na fita bakin hanya na tari taksin Gazawa.

Na iske Yaya Asabe a gona. Na gaya mata duka, yadda na saya da yadda na gauraya. Ta jingina haiwarta ta dube ni.

Ta ce, "Rabi, da kika auna mana, kin sani?"

Na ce, "Na san ban sani ba, Yaya."

Ta ce, "To ai shi ke nan."

Ta aika aka kira sauran matan. Na ce zan zauna in bi gonakinsu in cire jajayen, abin da ya rage ya zama fari. Na kwana uku a garin ina yi. Amma a gonar farko da muka gama, layin ya koma kamar bakin tsohuwa, tsiro ɗaya nan, ɗaya can. Lokacin sake shuka ya wuce, kuma ba wani iri a hannun kowa. Wata daga cikinsu, Ladi, mai marayu huɗu, ta tare ni a bakin gonarta ta ce kada in taɓa mata ko ɗaya. Ja ko fara, ganye dai ganye ne, yaranta za su ci. Rabin matan suka bi bayanta, na bar musu gonakinsu yadda suke.

Da kaka wani abin ya ƙara fitowa. Ko a cikin waɗanda suka tsira da koren kara da farin fure, yawancinsu ba irin Gwaggo ba ne. Farar yakuwar ganye ce, mai ɗan siririn soɓorodo da yake manne da kwanso, in ya bushe ba ya auki. Ɗan kasuwan ya zo ya duba ya tafi, bai ɗauki ko buhu ɗaya ba. Matan suka sayar wa masu daddawa gurguzun, soɓorodon kuma aka kai kasuwa a matsayin garwaye. Na kai wa Hajiya Zali ɗan abin da na tsince, ta matsa a yatsu ta mayar mini cikin kwando, ta ce in na sami irin na da in dawo. A kasuwar Cadawa kuwa suna ya canza. Na ji da kunnena wata tana nuna wa baƙuwa wurin zamana tana cewa waccan ce Rabi mai garwaye.

Bayan an gama kaka na tafi Tibiri. Gwaggo ta tsufa, idonta ya yi hazo, ta daina zuwa gona shekaru da yawa. Na sa rai akwai sauran iri a gidan. Babu. Ɗanta ya koma noman ja, don ita ƴan kasuwa suke nema da mota, tulunan ma an mai da su na ruwa. Na zauna a gabanta na faɗi abin da na yi. Tana murza carbi ta tambaye ni tiya nawa na irinta na zuba a cikin buhun. Na ce biyu.

Ta ce, "To tana nan ciki, ba ta mutu ba. Ke kinka garwaya, ke za ki rarrabe. Amma ba aikin damina guda ba ne."

Ta koya mini abin da ba ta taɓa koya mini ba, don a da ba a buƙace shi ba. Ta ce in shuka nesa da kowace yakuwa, a tsakiyar gero, inda ƙudan zuma ba zai ɗebo garin furen wata gona ya kawo ba. Uwar da na zaɓa, in je da yamma in nemi furen da zai buɗe gobe, in ɗaure bakinsa da zare, ya yi ƴaƴa shi kaɗai a rufe. Kuma kada in haɗa ƴaƴan uwa biyu wuri ɗaya. Kowace uwa da ƙullinta a tsumma, baɗi kowane ƙulli da layinsa. Layin da ya fitar da ja ko ɗaya, ko mai kwalli, ko mai siririn soɓorodo, a tumɓuke layin gaba ɗaya, kada a tsaya tsince-tsince.

Maigidana bai so ba da farko. Tsakiyar gandu nan ne ƙasa ta fi kyau, ga shi ba a daɗe da fita daga yunwa ba. Ya ce in za a cire gero a sa abin da ba za a ci ba, ba za a sayar ba, har shekara uku, sai in gaya masa me za a ci a madadinsa. Na ce geron gamanata duka ya shiga rumbun gida. Da haka ya yanka mini wuri kamar faɗin tsakar gida biyu.

Damina ta farko na shuka garwayen na bi shi a durƙushe, na cire ja. Da fure na cire masu kwalli. Da soɓorodo ya fara cika na bi da yatsa ina matsawa, mai siriri ya fita. Na lura irin Gwaggo ganyensa na sama ya fi tsagewa gida-gida, kuma yana jinkirin fure da kwanaki kaɗan, abin da ban taɓa kula da shi ba a lokacin da ba ni da wani iri da zan gwada shi da shi. Uwa goma sha tara suka rage. Ɗaurin zare aiki ne mai cin rai, furen yana da santsi, in an matse ya karye, in an sassauta ya buɗe. Da yawa sun zube ba su yi ƴaƴa ba. Na sami ƙulli goma sha tara, wani ma bai cika tafin hannu ba.

Damina ta biyu na yi layi goma sha tara, na kafa kara a kan kowanne. Takwas suka faɗi tun a durƙuso da lokacin fure. Akwai wani layi da ya fi kowanne kyau, dogo, mai rassa, soɓorodonsa kamar babban yatsa. A cikinsa uwa ɗaya tak ta yi fure mai kwalli. Na yi kwana biyu ina zagaya shi. Maigidana ya ce in cire ɗayar in bar sauran mana, wa zai sani. Rana ta uku na tumɓuke layin duka na zuba wa awaki. Wasu huɗu suka faɗi a wurin kaurin soɓorodo, aka bar shida. A ranin wannan shekara Gwaggo ta rasu, na je gaisuwa na dawo.

Damina ta uku layuka shidan nan ba wanda ya fitar da ja, ba mai kwalli, furen jiya duk fari a ƙasa. Na haɗa su. Na wanke tabarma sabuwa na shanya, na raba gida uku kamar yadda aka koya mini. Hajiya Zali ta matsa soɓorodon a yatsu ta ce a juye mata a kwano.

Da bazara na ɗauki iri na tafi ƙauyen Yaya Asabe, na ce na kawo wa mata goma sha biyun nan ne, ba na sayarwa ba ne. Ta karɓa ta ajiye a gefe, ta kawo mini ruwa, muka gaisa. Ta ce za ta faɗa musu. Daga baya na ji ba ta raba ba a shekarar. Gurbi ashirin ta shuka a bayan ɗakinta, sauran ta liƙe a tulu.

Wata ranar kasuwa, gero ya fara nuna, ina zaune a wurina sai ga ta tsaye a kaina. Ta kwance bakin zanenta ta zube mini furanni a faifai, sun yi yaushi, duk farare.

Ta ce, "Na jiya ne. A ƙasa na tsince su, kamar yadda kika taɓa nuna mini. Kowace safiya nake dubawa."

Na ce, "Yaya kika gani?"

Ta ce, "Ita ce. Baɗi zan raba musu."

Ta raba. Takwas suka karɓa suka shuka, har yau jikokin wannan iri ne a gonakinsu, kuma su da kansu suke durƙusawa su duba, ba sa jiran maganar kowa. Huɗu suka ce ba sa so. Ladi tana cikinsu. Takan zo kasuwar Cadawa, mu gaisa, ta tambayi yara, in tambayi nata, ta wuce ta sayi irinta a rumfar gaba. Haka muka yi da ita shekara goma sha ɗaya, har Allah ya karɓi ranta.